Fangali, buhu, jarka ko bishiya: wanne ya dace da lambun mai ƙaramin ƙarfi?

Kuɗin kayan miya ba sa fita da yawa lokaci ɗaya, shi ya sa ba a cika lura da su ba. Yau ɗaurin yakuwa, gobe kashin tumatir da attarugu, jibi kuɓewa, sai wata ya ƙare maigida ya rasa inda kuɗin cefane suka shige. Wannan ne ke sa magidanta da matan aure da dama a Marwa, Garwa, Kuseri da Njamena tunanin shuka wani abu a tsakar gida. Amma da zarar an yi niyya sai shawarwari su yi yawa. Wannan ya ce a haƙa fangali kamar na 'yan lambu, wancan ya ce noman buhu ake yayi, wani ya ce a yanka jarka da taya, dattijo kuma ya ce a dasa bishiya a huta. Kowanne da gaskiyarsa, sai dai ba kowanne ne zai yi maka ba.

Abubuwan da za a auna da su

Na farko, kuma wanda ya rinjayi sauran duka, shi ne ruwa. Garwa tana samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, Marwa kusan 800, Njamena kuwa tsakanin 500 da 600, kuma kusan dukkansa a cikin wata huɗu zuwa biyar yake sauka. Sauran watannin, duk ɗigon da shuka za ta sha daga hannunka zai fito. Fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana shan lita 4 zuwa 5 a rana lokacin hunturu, a bazara kuma, wato Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, ya kan nemi lita 7 zuwa 8. Ke nan fangali mai mita uku kacal yana iya shanye jarka guda mai lita 20 ko 25 kullum. A ce 'yan ga-ruwa suna sayar maka jarka sefa 50: a wata ka kashe 1,500 a kan fangali ɗaya. Kafin ka sayi iri ko ƙwaya ɗaya, yi wannan lissafin da farashin unguwarku, ka gwada shi da abin da kake kashewa a kan ganyen miya. Mutane da yawa sun bar lambu ne saboda ba su yi shi ba tun farko.

Na biyu kuɗin farawa: abin da za ka saya kafin tsiro ya fito. Na uku daɗewa, wato ko aikin bana zai amfane ka baɗi. Na huɗu wahala, musamman ga wanda ke fita kasuwa ko aiki tun safe. Na biyar haɗari: awaki, kaji, gara, ambaliya da cututtukan ƙasa. Akwai kuma tambayar da ba ta cikin noma amma tana yanke hukunci: gidan naka ne ko haya kake?

Fangali a ƙasa

Wannan ita ce hanyar da 'yan lambun bakin kogunan Binuwai da Logon da mayo-mayon Marwa, wato rafukan da ke ƙafewa da rani, suka gada. A kan sassaƙe ƙasa zurfin taƙi ɗaya da rabi, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, a yi fangali mai ɗan zurfi da kunya kewaye da shi domin ruwa ya tsaya a ciki. Faɗinsa kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba.

Ta fuskar kuɗi babu abin da ya kai shi sauƙi. Fartanya, taki daga turken awaki ko garken shanu, da iri. Inda kuɗi ke shiga shi ne shinge, kuma ba a yin fangali ba shinge a gidan da akuya ko kaza ke yawo. Darnin kara ko zana ya wadatar, sai dai gara na cin sa, duk shekara sai an sabunta.

Ta fuskar ruwa, a nan ne nake saɓa wa abin da aka saba ji, wato cewa buhu ya fi fangali tanadin ruwa. Fangali mai zurfi da aka lulluɓe da busasshiyar ciyawa, harawa ko ɓuntun shinkafa ya fi buhu riƙe laima a bazara, domin rana ta sama kawai take dukan sa, gefensa kuwa ƙasa ce mai sanyi. Saiwa ma tana da inda za ta nutsa ta nemi ruwa idan ka makara da ban-ruwa. Ana iya ƙara masa dabarar tulu: a binne tulun ƙasa wanda ba a shafa masa komai ba har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakin saboda sauro, a shuka kewaye da shi tazarar taƙi ɗaya zuwa biyu. Ruwa zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai buƙatar ƙasa, cikawa kuma sai bayan kwana biyu ko uku. Tulun da ya ɗan tsage aka daina ɗebo ruwa da shi ma yana yi, in tsagewar ba ta yi yawa ba.

Daɗewa kuwa, fangali na ƙara kyau ne da shekaru muddin ana zuba masa taki.

Matsalarsa uku ce. Ta farko irin ƙasar gidan. Unguwanni da yawa a filayen Diamare, wato yankin Marwa, da kewayen Kuseri suna kan baƙar laka irin wadda ake dasa dawar masakwa a kanta: da rani ta tsattsage ta yi tauri, da damina ta riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe. Gyaran irin wannan ƙasa sai da yashi da taki mai yawa, kuma da damina dole a juya tsarin, a ɗaga fangalin ya zama tudu. Ta biyu ambaliya. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga unguwannin Njamena, Kuseri da Yagwa a 2022 da 2024 ya san cewa a wasu wuraren duk abin da ke ƙasa daga Agusta zuwa Oktoba a hannun Allah yake. Ta uku wata tsutsa ce da ido ba ya gani, wadda ke sa saiwar tumatir, kuɓewa da gauta ta yi ƙulli-ƙulli, shuka ta tsumbure ko da ana ba ta ruwa. Ta fi yawa a ƙasa mai yashi, kuma tana taruwa idan ana maimaita amfani iri ɗaya a wuri ɗaya. Maganinta na talaka shi ne sauyi: bayan tumatir a sa albasa ko masara, kada a bi shi da kuɓewa ko tattasai.

Buhu

Noman buhu ya yi suna a Facebook, kuma hotunansa suna da kyau ƙwarai, amma sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo. Yana da amfani na gaske, sai dai ba inda ake zato ba.

Ana samun tsohon buhun shinkafa, masara ko taki da araha, wani lokaci kyauta. A wanke shi, a huda ƙasansa, a cika shi da kashi biyu na ƙasa mai kyau, kashi ɗaya na yashi, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. In buhun babba ne a jera tsakuwa a tsakiyarsa daga ƙasa har sama domin ruwa ya ratsa ko'ina, sannan a tsaga gefe-gefe a soka dashen ganye. Buhu mai cin kilo 50 yana ɗaukar gindin tumatir ɗaya ko biyu, ko tattasai biyu, ko alayyafo da yawa. Wahalarsa a farko take, wajen nemo ƙasa da cikawa, domin buhu goma ƙasa ce mai yawa, kuma mai zama cikin gari sau da yawa sai ya biya mai amalanke.

Daɗewarsa kaɗan ce. Ranar wannan yanki tana cinye zaren buhu cikin 'yan watanni, ya fara rugurgujewa da an taɓa shi. Ka ɗauka cewa kowane buhu na zango ɗaya ne, in ya kai biyu ka ci riba. Ƙasar ciki dai ba ta lalacewa, ana juye ta a sabon buhu a ƙara taki.

Ruwa fa? Buhu ɗaya yana shan lita 2 zuwa 3 a rana da hunturu, a bazara kuma ya kan ninka, domin zafi da iska suna dukan sa ta kowane gefe. Buhu goma ke nan a bazara sun fi jarka guda. Kuma ba ya yafiya: kwana biyu ba ruwa a Afrilu, shuka ta tafi. Ana rage wannan da jera buhunan a manne da juna, a gefen katangar da ke samun ranar safe da inuwar yamma, a kewaye su da zana.

To ina amfaninsa? Yana raba ka da ƙasar gidan. Ko tsakar gidan siminti ce, ko laka ce, ko ƙasar ta kamu da tsutsar saiwa, buhu bai damu ba. Ana ɗora shi kan bulo ko benci ya tsere wa ruwan damina da kaji. Ciyawa ba ta damun sa. Kuma mai gida ba zai ce ka haƙa masa fili ba.

Jarka, bokiti, roba da taya

Wannan ɗan'uwan buhu ne, amma mai ƙarko. Jarkar man girki da ta fashe, bokitin da ya huje, tsohuwar robar wanki, duk suna shekaru ana shuka a ciki. Jarka in aka yanka ta a kwance tana ba da kwano biyu masu zurfin da ya ishi latas, alayyafo, ganyen albasa da na'ana'a. In aka yanke kanta a tsaye, zurfin ya kai santimita 30 zuwa 40 da tumatir, attarugu da gauta ke buƙata. Da yake roba ba ta fitar da laima ta gefe, ruwan da take sha bai kai na buhu ba. Sai dai dole a huda ƙasanta sosai, in ba haka ba ruwa ya kwanta saiwa ta shaƙe. Kuma ita kaɗai ce a cikin hanyoyin nan ake iya ɗauka a kai inuwa da tsakar rana, ko a loda a amalanke ranar tashi daga gidan haya.

Kuɗinta ya ɗan fi na buhu idan saye za a yi, domin masu gwangwan ma suna neman tsohuwar roba. Wanda ya tara nasa a hankali ba ya kashe komai.

Akwai gargaɗin da nake so a riƙe da kyau. Yankinmu yankin auduga ne, kuma robobin maganin feshi suna yawo a kasuwanni da gidaje. Duk robar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, maganin ciyawa, baƙin mai ko ruwan batir, kada a shuka abin ci a cikinta ko an wanke sau nawa. Arahar ba ta kai lafiyar yara ba.

Taya ita ce ta ƙarshe a wurina. Ba ta lalacewa, gaskiya ne, kuma masu faci kan bayar da ita kusan kyauta. Amma baƙa ce, tana ɗaukar zafin da ke dafa saiwa a bazara, lunguna na cikinta suna tara ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki, kunama ma tana son ƙarƙashinta. In za a yi amfani da ita, a yanke gefen sama, a shafa mata farar ƙasa, a bar ta ga hunturu ko a kewaye ƙaramar bishiya da ita.

Bishiyoyi a inda ruwa ke zuba

Wannan ce hanyar da aka fi rainawa, kuma a ganina ita ce ta fi biyan mai ƙaramin ƙarfi. Kowane gida yana zubar da ruwa kullum: na alwala sau biyar, na wanke shinkafa da ganye, na ɗauraye kwanuka, na wanka. Ruwa ne da aka riga aka biya kuɗinsa. In aka ja 'yar hanya daga wurin alwala ko bakin rariya zuwa wani rami da aka cika da taki da ciyawa, bishiya biyu ko uku za su rayu a kai ba tare da an sayi ƙarin jarka ba. A kiyaye ruwan da ke da sinadarin da ke sa tufafi fari ko garin sabulu mai yawa, domin yana ƙona saiwa yana ɓata ƙasa. Kuma irin wannan ruwa na gindin bishiya ne, ba a zuba wa latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye.

Zogale ne na gaba. Ana shuka ƙwayarsa ko a kafa reshe, cikin wata biyu zuwa uku a fara tsinkar ganye. Sirrinsa datsa: in ya kai ƙugun mutum a yanke kansa ya yi rassa, in ba haka ba ya miƙe sama ganyen ya fi ƙarfin hannu. Da ya kafu yana jure rani da ruwa kaɗan. Gindi huɗu ko biyar sun ishi gida kwaɗo da miya.

Gwanda ke bi masa. Tana fara 'ya'ya kafin shekara ta cika ko jim kaɗan bayan haka, ta yi shekara biyu zuwa uku tana bayarwa. Iri kyauta ne, daga cikin gwandar da ka ci ka ji daɗinta. Abu biyu ake kula da su. Akwai namiji da mace, kuma ba a gane su sai sun yi fure, saboda haka a bar tsiro uku a rami ɗaya, in fure ya fito a cire mazan, masu dogon reshen furanni, a bar namiji guda a gidan ko a maƙwabta. Sannan gwanda ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta. Kwana biyu cikin ruwa sun isa su kashe ta. A dasa ta kan tudu, ruwan ya bi ta gefe.

Gwaiba da lemun tsami suna neman haƙurin shekara biyu zuwa huɗu, amma ba sa cin fili sosai kuma suna daɗewa. Mangwaro mai aure yana fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa sai biyar ko fiye. Mangwaro kaɗai ne a nan ke buƙatar kuɗin saye na kirki, kuma ba na ƙaramin gida ba ne: saiwarsa na neman katanga, masai da rijiya, inuwarsa kuma na hana komai fita a ƙarƙashinsa. Ayaba ta fi dacewa da Ngaundere, inda ruwan sama ya kai kusan milimita 1,500 kuma tudu ya sassauta zafi. A Marwa ko Njamena sai gidan da ke da rijiya.

Lokacin dashe farkon damina ne, Yuni zuwa Yuli, domin ruwan sama ya yi maka rainon watannin farko. Babban abokin gaba shi ne akuya a shekarar farko, sai gara a bazara. A kewaye kowane dashe da ƙaya ko bulo, a riƙa barbaɗa toka a gindi.

| Hanya | Kuɗin farawa | Ruwa | Daɗewa | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Fangali | Kaɗan, sai shinge | Matsakaici in an lulluɓe | Shekaru | Haƙa da cire ciyawa | Ambaliya, tsutsar saiwa, dabbobi |
| Buhu | Kaɗan, amma duk zango | Da yawa a bazara | 'Yan watanni | Cikawa, ban-ruwa kullum | Bushewa da sauri |
| Jarka da roba | Matsakaici ko kyauta | Ƙasa da na buhu | Shekaru | Kaɗan | Roba mai guba, kwanciyar ruwa |
| Bishiyoyi | Kyauta, ban da mangwaro | Ruwan da ake zubarwa | Shekaru masu yawa | Rainon shekarar farko | Akuya, gara, saiwa a katanga |

Me za a shuka, kuma yaushe

Zaɓen wurin shuka rabin magana ne. Mai ƙaramin fili bai kamata ya yi gasa da 'yan lambu a kan abin da suke zubarwa da araha ba. Albasa a Marwa da Garwa, misali, wata huɗu zuwa biyar take ɗauka, kuma ranar da taka ta nuna ita ce ranar da ta cika kasuwa. Ganyenta dai yana da riba a jarka, ana yanka yana tofowa. Abin da ya fi biya shi ne wanda ake saye kullum kaɗan-kaɗan kuma ake tsinka ya sake fitowa: alayyafo da ke isa ci cikin sati uku zuwa huɗu, yakuwa, rama, lalo, kuɓewa da ke fara bayarwa cikin wata biyu, da attarugu da gindi ɗaya ke wuce shekara in an kula da shi. Irin waɗannan duka ana samun sa wurin maƙwabta kuma ana ajiye shi. Irin kanti da aka rubuta F1 a jikinsa kuwa ba a ɗibar iri daga 'ya'yansa, domin ba sa maimaita uwar.

Tumatir, latas, kabeji da karas na sanyi ne: a zuba iri a Oktoba ko Nuwamba, a ci a Janairu da Fabrairu. Tumatirin da ya yi fure a Afrilu yakan zubar da furen, domin zafin da ya haura digiri 35 yana hana shi ƙulla 'ya'ya, kuma ba taki ko ruwan da zai gyara wannan. Yana kuma da tsutsar da ake kira sharon, wadda ta yi wa manoman Kano da Kaduna mummunar ɓarna a 2016, ita kuwa ba ta san iyakar ƙasa ba. A ƙaramin lambu ana rage ta da tsinke ganyen da ta shiga a ƙona, da fesa jiƙon 'ya'yan darbejiya: a daka kamar cikin hannu biyu, a jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, a tace a fesa da yamma duk sati. Titunan Marwa cike suke da darbejiya, 'ya'yan suna zube a ƙasa ba mai ɗauka.

Wa ya dace da wanne

Mai haya da ke sayen ruwa: jarka da bokiti biyar zuwa takwas, ganye da attarugu, daga Yuni zuwa Fabrairu. In bazara ta shigo a rage su zuwa biyu ko uku da ruwan alwala zai iya riƙewa, a ajiye ƙasar sauran.

Mai gidan kansa da ke sayen ruwa: ya fara da zogale da gwanda a bakin rariya, ya ƙara gwaiba ko lemun tsami guda. Bayan haka, in lissafin jarka ya ba shi, fangali ɗaya mai tulu a tsakiya.

Mai rijiya ko famfon da ba ya yawan ɗaukewa: fangali biyu ko uku ana sauya musu amfani, da shinge mai kyau tun ranar farko. Shi ne kaɗai zan ce ya gwada tumatir, kabeji da karas da yawa.

Wanda gidansa ke kwari, kusa da Logon, Shari ko Binuwai, ko kan baƙar laka: buhu da jarka a kan bulo da damina, fangali kuma daga Nuwamba bayan ruwa ya janye. Gwanda ba tasa ba ce sai in yana da tudu. Gwaiba ta fi ta jure jiƙewa.

Wanda ba ya wuni a gida kuma ba shi da mai ban-ruwa: ya bar buhu gaba ɗaya. Zogale, lemun tsami, da tulu biyu a binne da kuɓewa ko yakuwa kewaye da su, ana cikawa duk bayan kwana biyu ko uku.